Ɗigo Uku a Jikin Bawul

Cape Town, 9 ga Fabrairu

Kawu Velile,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Nozuko. Yaya kunnen? Mama ta ce na hagun ma ya fara daina ji, shi ya sa ka ce in bar kiranka a waya, in riƙa rubutowa. Ni ƙalau nake, ban da murar da ta kwana huɗu ta tafi.

Yau kwanana goma sha tara da fara aiki. An sa ni a sashen duba kayan da asibitoci suka dawo da su. Har yanzu abin da ka bari ake yi: na'urar taimaka wa bakwaini numfashi, da ɗan bawul ɗin robar nan da ke buɗewa ya rufe da kowane numfashin jariri. Aikina in yanka wanda aka ce ya lalace, in auna, in rubuta abin da na gani. Da ma'aunin da ka ba ni ranar da na gama jami'a nake aiki, don ya fi na kamfanin daidai.

Abu ɗaya ke damuna. A takardar ɗaukar aiki, tambaya ta goma sha ɗaya ta ce ko ina da ɗan'uwan da ya taɓa aiki a nan. Ka ce in bar wurin ba komai tunda sunan gidanmu ba ɗaya ba ne, na kuwa bari. Amma shekara ashirin da biyu ka yi kana ƙera musu ƙarafen zubi da ake zuba robar bawul a ciki, shekara uku kacal da tafiyarka. Na kuma sa hannu a takardar riƙe sirri. Kullum shugabar sashenmu, Madam Fourie, ta kira sunana sai in zaci an gano ni. Me ya sa ba ka so a sani?

Labari mai daɗi daga gida: Mama ta ce na'urori uku da suka shekara a jingine a ɗakin jariran da take aikin nas saboda rashin bawul sun tashi. Gwamnati ta tuna da asibitin garinmu ke nan.

'Yarka,
Khanyisa

*

Mdantsane, 24 ga Fabrairu

Injiniya,

Na ga takardarki. Muna lafiya. Kunnen yana nan yadda injinan mutanenki suka bar mini shi. Antinki ta ce ta huta, yanzu tana zagina a gabana ina yi mata godiya.

Ke dai ba ki canza ba. Tun kina ƙarama sai kin ƙirga waken da ke cikin kwano kafin ki ci. Tambaya ta goma sha ɗaya! Wa ke karanta irin waɗannan takardu? Na ce ki bari ne don rabuwarmu da su ba ta yi daɗi ba, kada a ɗora miki laifin bakina. Ki ci abinci, ki yi barci.

Ni ina nan a shago ina gyaran gadajen asibiti da kekunan guragu. Ba laifi.

Tsohon nan Boeta Salie yana nan a bakin tanda? Har yanzu sau biyu yake gasa robar? A zamaninmu gashi na biyun awa biyu ne. Na ji ƙishin-ƙishin an canza bayan tafiyata. Awa nawa ne yanzu, wuta kuma nawa? Tsoho ne kawai ke son jin labarin tsohon gidansa. In kin karanta wannan ki yaga ta, ba kyau a ga sunana a jakarki.

Kawunki

*

Cape Town, 12 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa kunnen addu'a. Ni lafiya, sai dai ba na iya cin abinci sosai.

Boeta Salie yana nan. Maganar tanda kuwa ba zan iya amsawa ba, tana cikin abin da na sa hannu a kai. Ban yaga takardarka ba. Na karanta ta sau shida.

Bai kamata in faɗa maka abin da zan faɗa yanzu ba, amma ba ni da wanda zan tambaya. Ranar 5 ga wata wani asibiti a jiharku ya aiko da kwali mai bawul arba'in. Sun ce ɗaya ya manne a jikin jaririya mai kwana tara. Nas ta ga leɓenta ya yi duhu, ta riƙa ba ta iska da hannu har aka canza. Yarinyar ta rayu.

Na gwada duka arba'in ɗin a ɗumi da laima irin na numfashin jariri. Goma sha ɗaya sun manne. Kawu, ba namu ba ne. Sun shiga na'urarmu daidai, siffarsu irin tamu ce, shi ya sa asibitin ya ɗauka namu ne. Amma namu lambar rukuni suke da ita, waɗannan kuwa kowace leda da lambarta, an buga da hatimin hannu.

Na yanka ɗaya na sa a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. A gefen ciki akwai ɗigo uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama. Na yanka bakwai, duk haka. Ka san wannan alamar. Ita ce Kaka ke dannawa da yatsa a kan burodinta in za a kai gidan rasuwa, don kada nata ya ɓace cikin na sauran mata. Ita ce kuma a jikin ma'aunin da ke hannuna.

A rahotona na rubuta: ƙananan ɗigogi uku a gefen ciki. Ban rubuta abin da suka tuna mini ba. Don Allah ka faɗa mini ban fahimta ba ne.

Khanyisa

*

Cape Town, 20 ga Afrilu

Kawu,

Gaisuwa. Yau kwana talatin da tara da na jefa takarda, shiru. Na kira Anti, ta ce kana lafiya, ka fita. Sau uku ina kira kana fita.

Wani asibitin ya sake aiko da goma sha biyar. An tara mu da lauyan kamfani. Ya ce siffar bawul ɗin tana da takardar mallaka: kowa na iya karantawa, ba wanda ke da ikon kwaikwaya. Haɗin robar kuwa ba a rubuta shi a ko'ina a waje ba, mutum shida ne suka taɓa saninsa, kuma na jabun haɗinmu ne. Sai ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Madam Fourie ta ce, “Ni sunan bai dame ni ba tukuna. Asibiti nawa ne suke da su? Wannan nake son sani.” An aika sanarwa ko'ina, amma ka san inda sanarwa ke kwana: a teburin ofis, ba a ɗakin jarirai ba.

Da aka tashi cin abincin rana, Boeta Salie ya zo teburina riƙe da shayinsa.

“Yarinya, miƙo mini ma'aunin nan.”

Na ce ina aiki da shi. Ya ɗauka da kansa, ya juya bayansa, ya daɗe yana kallo.

“Har yanzu cokali huɗu na sukari yake zubawa a shayi?”

“Ban san wa kake nufi ba, Boeta.”

“Ashe? Ni ma ban sani ba. Tsufa ne. Kawai dai na ga kin ɗauko hancinsa, Allah ya ba ki haƙuri.” Ya ajiye mini. “Ba ni zan kai magana ba. Amma in aka tambaye ni, ban iya ƙarya ba, matata ma ta shaida.”

Tun ranar na daina zuwa da ma'aunin, yana ƙarƙashin katifa. Kawu, ka sa ni ɓoye zumuncinmu, ka tambaye ni sirrin tanda, ka ce in yaga takarda. Har na fara tunanin ko kunnen ma dalili ne na kada maganarmu ta bi ta waya. Allah ya yafe mini in na zalunce ka. Don wannan ka ƙarfafa mini gwiwa in nemi aiki a nan?

Khanyisa

*

Mdantsane, 29 ga Afrilu

Khanyisa,

Muna lafiya. Takardarki ta Maris ta yi wata guda a hanya, ki tambayi gidan waya, ba ni ba. Ta Afrilu kuwa ta iso, ina ma ba ta iso ba. Ni da na goya ki a wuyana zuwa makaranta, yau ni ne nake ƙaryar kurumta?

To ki saurara, tunda ke mai son hujja ce. Ƙarfen zubi tara na ƙera wa kamfanin nan, duk taran akwai alamar uwata a jiki. Ki je ɗakin ajiya ki duba. Na shidan an ce ya tsage, an fitar da shi kafin in tafi. Wa ya fitar? A motar wa aka sa? Ki tambayi mai shayin da ke duba hancin mutane. Mutum shida suka san haɗin, ni kaɗai kika gani don ni ne nesa.

Kuma ki sani, siffar da lauyanku ke taƙama da ita, ni na zana ta a bayan takardar burodi ina cin abincin rana. Da takardar mallaka ta fito, sunayen masu digiri biyu ne a kai. Ni aka ba ni agogon bango.

Ki riƙe aikinki, ki bar abin da ya fi ƙarfinki.

Kawunki

*

Cape Town, 11 ga Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da maganar kunne, ita kam na janye.

Na je ɗakin ajiya kamar yadda ka ce. Kwana biyu ina murna, har na fara hararar Boeta Salie. Ga abin da na samu. Ƙarafe takwas suna nan, duk da ɗigo uku. Amma a bayan ƙarfen ka buga su, inda roba ba ta taɓawa, don doka ta hana a sa komai a cikin ramin da bawul ke fitowa. Shi ya sa namu ba su da alama. Na shidan ma ba a fitar da shi ba. Yana nan a tsage, da shi ake tokare ƙofar baya. Na duba shi, alamarsa a baya take.

Wanda ya ƙera ƙarfen jabun a cikin ramin ya sa ɗigon, yadda za su fito a jikin kowane bawul. Ɓarawo ba ya sa hannu a kan abin da ya sata. Sai wanda yake ganin abin nasa ne.

Na yarda kai ka zana shi. Na yarda an zalunce ka. Amma naka suna mannewa, Kawu, kuma na san dalili, kai ma ka san inda dalilin yake tunda ka tambaye ni. Ba zan ba ka lambar tanda ba. Ko na ba ka, ba ta gyara waɗanda suke cikin na'urori yanzu.

Abu ɗaya nake roƙo: sunan kowane asibiti da adadin da ka kai masa. Ranar 1 ga Yuni zan shiga ofishin Madam Fourie, da jerin ko ba shi. In da shi, motoci su tafi kai tsaye. In babu, sai lauyoyi su shekara suna nema, jarirai suna numfashi ta cikinsu.

Khanyisa

*

Mdantsane, 19 ga Mayu

'Yata,

Muna nan. Antinki ta daina yi mini magana, wannan karon da gaske.

Ni ne. Ban fara don in yi arziki ba. Gyaran gado ya kai ni wani asibiti na ga na'urori a jere a bango, an rufe su da zanen gado, babu bawul, an yi wata takwas ana jiran odar gwamnati. Abin da zan iya ƙerawa ido rufe! Na dawo na kunna injina. Da na zo gama ƙarfen, na ce wannan karon sai sunan gidanmu ya hau kansa ko da ba wanda zai gani. Ban taɓa zaton wadda za ta gani ita ce wadda na koya wa riƙe ma'auni ba.

Kin karanta tambayata ta tanda kamar ta ɓarawo. Ta mai tsoro ce. A watan Janairu wata nas ta ce mini ɗaya ya yi nauyin buɗewa. Na gasa awa uku, na gasa huɗu, na kasa gano inda matsalar take. Na ce in kin ba ni lambar sai in gasa sababbi, in bi in musanya shiru, ba wanda ya sani. Da kin amsa mini a Fabrairu, da yarinyar nan ta Maris ba ta ga abin da ta gani ba. Ban ce laifinki ba ne. Na dai faɗa.

Ga jerin a baya: asibiti bakwai, bawul ɗari uku da sittin. Ki kai. Kada ki ce kin san ni, ki ce a akwatin wasiƙa kika tsinta.

Kawunki

*

Cape Town, 25 ga Mayu

Kawu,

Na gode. Na kwafe jerin na kai a ranar da ya iso, ban jira Yuni ba. Na ce wa Madam Fourie ta ba ni mako guda kafin ta tambaye ni inda na samu. Ta kalle ni, ta ɗauki waya. An fara kwashewa.

Tun Janairu ka sani, ka bar su a jikin jarirai wata huɗu. Wannan ba amsata ce ta jawo ba.

Kuma lissafin bai cika ba. Ledojin da ke hannuna, mafi girman lambarsu 398. Jerinka ɗari uku da sittin ne. Aƙalla talatin da takwas ba ka rubuta ba. Suna ina? Kada ka bi ta gidan waya, ka ba direban bas.

Khanyisa

*

Mdantsane, 28 ga Mayu

Khanyisa,

Ke da ƙirgan wakenki.

Ɗari huɗu da ashirin na yi duka. Sittin ɗin suna wurin uwarki. Kyauta na ba ta, ta karɓa ba takarda, ba sa hannun kowa. Ba gwamnati ce ta tuna da garinku ba. Saura shekara biyu ta yi ritaya. In sunan asibitinta ya hau jerin nan, za a tambayi wa ya shigo da su, kin kuwa san amsar. Ki bar ni in je da kaina in kwaso ranar Asabar. Ki rufa wa ƙanwata asiri.

Kawunki

*

Cape Town, 2 ga Yuni

Kawu,

Gaisuwa, da fatan kana lafiya. Ni ban san yadda zan kira halin da nake ciki ba, amma ina cin abinci.

Takardarka ta iso ranar Alhamis da hantsi. Asabar ta yi nisa. Na fita harabar kamfani na kira Mama tana kan aiki.

“Mama, bawul ɗin da Kawu ya ba ki, nawa ne a jikin na'ura yanzu?”

Sai ta ce, “Wa ya aike ki?”

“Nawa ne, Mama?”

“Uku. Jarirai uku. Kin san yara nawa suka fita daga ɗakin nan da rai saboda su? Sau tara na rubuta takardar neman kaya, Khanyisa. Sau tara! Kuna can kuna shan iska a Cape Town.”

“Cikin kowane huɗu, ɗaya na iya mannewa. Ki cire su.”

“In cire in sa me? Yatsana?”

Gaskiyarta ce, Kawu. In kai ka je ka kwaso, abin da zai faru ke nan: na'urori uku su koma jikin bango. Bawul na gaske kuwa ba za a aika wa asibitin da ba ya cikin jeri ba. Na ce ta sa nas a kan kowane jariri, kada a ɗauke ido, ta ba ni zuwa gobe. Ta ce, “Ki yi abin da aka koya miki,” ta kashe. Ban san ko izini ba ne ko fushi.

Na shiga wurin Madam Fourie da jerinka. A ƙasan layi na bakwai na rubuta na takwas da hannuna: asibitin garinmu, sittin. Na ajiye mata ma'aunin da takardunka huɗu, har wadda ka ce in yaga. Na ce a kawo takardar ɗaukar aikina in cike tambaya ta goma sha ɗaya.

Ta karanta duka a tsaye. Ta ce, “Nas ɗin can uwarki ce da gaske?” Na ce uwata ce. Ta ce, “Ya Allah, yarinya,” ta zauna. An sa bawul sittin a jirgin yamma, Mama ta canza ukun kafin azahar ɗin Juma'a. Jariran suna nan lafiya. Mama kuma an ba ta takardar ta bayyana gaban kwamiti ranar 16. Ba ta ɗaukar wayata.

Ni an ce in zauna a gida har a gama bincike. Lauyan bai yarda ban ba ka komai ba, ya ce wa ya san abin da ke cikin takardun da ni na aika maka. In suna nan wurinka, kada ka ƙona. Su kaɗai ne shaidata. Kai ma takardarsu tana hanya.

Da zan fita, Boeta Salie ya tare ni a ƙofar baya ya miƙo mini wani tsohon littafin tanda. “Ki duba tsakiya. Ni dai ban ba ki komai ba.” Takardar burodi ce a manne, da zanen bawul, da ɗigo uku, da kwanan wata, wata goma sha huɗu kafin a shigar da takardar mallaka. Na koma na ƙara wannan a rahotona, shafi na huɗu, da cikakken sunanka: Velile Mbekwa. Lauyan ya ce ba a tambaye ni wannan ba. Na ce aikina in rubuta abin da na gani. Ban san ko zai amfane ka ba. Amma sunanka ya shiga takardun bawul ɗin nan yanzu, a shafi na biyu a matsayin wanda ya kwaikwaya, a na huɗu a matsayin wanda ya zana.

Zuwa jiya an kwaso ɗari huɗu da shida, an tabbatar goma sha huɗu an yi amfani da su an zubar. Ɗari huɗu da ashirin ke nan, daidai da maganarka. Amma sau biyu ka ba ni labari ya zo bai cika ba. In akwai leda mai lamba 421, ka rubuto mini yau, kafin in gan ta a cikin kwali.

'Yarka,
Khanyisa